Tambaya da Amsa: Haɗa kwamfutar ɗaukar kiɗa a gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke kiɗa tare: mai waƙa, 'yan amshi biyu, mai kalangu, sai ni da nake kaɗa fiyano. Kuɗin situdiyo ya fara fin ƙarfinmu, shi ya sa muka yi karo-karo domin mu haɗa kwamfutar tebur mu riƙa ɗaukar waƙoƙinmu a ɗakina. Wani mai shago ya ce dole sai mun sayi katin hoto mai tsada irin na masu wasan gem. Shin gaskiya ne? Kuma me ya kamata mu fara saya?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ku bar wannan katin a shagon mai shi. Aikinsa zana hoto ne a kan allo, babu abin da zai ƙara wa muryar mawaƙinku, sai ma ya zo da fankokinsa ya ƙara muku ƙara a ɗaki. Furosesa, wato injin lissafin kwamfuta, mai ɗauke da nasa sashen hoto ya wadatar, amma ku lura wajen saye: na Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F ba shi da wannan sashe, haka ma Ryzen 5 5600 na AMD, alhali 5600G yana da shi. Core i5 ko Ryzen 5 mai ƙwaƙwalwa shida, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) gigabayit 16, za su ɗauki aikinku ba tare da haki ba.

Inda ya kamata kuɗinku ya fi zuwa shi ne akwatin sauti, wanda masu situdiyo ke kira sawun-kad, domin ta nan makirufo ke shiga kwamfuta. Kafin ku je kasuwa, ku zauna ku ƙirga bakunan jona waya da kuke buƙata a jikinsa. Mai waƙa ɗaya, 'yan amshi biyu, kalangu ɗaya, fiyano kuma waya biyu yake fitarwa, ta dama da ta hagu. Shida ke nan. Focusrite Scarlett 2i2 da ya cika ƙananan situdiyoyi baki biyu kawai gare shi, saboda haka da shi sai dai ku yi ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ga mai haɗa kiɗa da fiyano kaɗai wannan ba matsala ba ce, amma ku kuna da kalangu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi ya san yadda yake matse tsarkiya a hammata yana sassautawa domin ya bi hawa da saukar muryar mai waƙa. Idan kuka raba su, kowa ya shigo a ranarsa, wannan zancen da ke tsakaninsu zai mutu. Shawarata ita ce ku nemi mai baki takwas, irin Behringer UMC1820 ko Scarlett 18i20, ko da hakan zai sa ku rage wani abu a jikin kwamfutar.

Bayan kun haɗa shi, ku saka manhajar ASIO ta kamfanin da ya ƙera akwatin, domin ita ce ke rage jinkirin da ke tsakanin lokacin da mutum ya rera da lokacin da ya ji kansa a kunne. Ana daidaita wannan da abin da ake kira bafa. A ma'aunin 48 kHz, bafa 128 daƙiƙa ɗaya ce aka raba dubu aka ɗauki kashi uku ba kaɗan, kunne ba ya damuwa da ita; idan ta kai 1024 kuwa jinkirin ya haura kashi 21, kuma nan take za ku ga mawaƙi yana tuntuɓe da muryarsa. Ku rage ta lokacin ɗauka, ku ƙara ta lokacin tace sauti.

Ma'ajiya ba ta da wahala. Layi ɗaya, wato sautin da baki ɗaya ya ɗauka, a 24 bit da 48 kHz yana cin megabayit 8.6 a minti guda, layi takwas kuma kimanin gigabayit 4 a awa. SSD, wato faifan ajiya marar motsi, mai terabayit 1 zai kai ku nesa, ga shi ba ya gurnani kamar tsohon faifan hard disk mai juyawa. Sai dai ku tanadi wani na waje da za ku riƙa kwafe aiki a cikinsa kowace rana.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne makirufo ba ya zaɓen abin da zai ji. Makirufon kondensa, wanda ke buƙatar a kunna masa wutar 48V daga akwatin sauti, zai kwaso kukan fankar kwamfuta da na babur ɗin da ya wuce a layi. Ku zaɓi akwatin kwamfuta mai manyan fankoki, milimita 120 ko 140, domin suna juyawa a hankali, ku kuma ajiye shi nesa da masu waƙa. A ɗakin da ba a gyara ba, makirufon hannu irin Shure SM58 ga murya da SM57 ga kalangu sun fi rufa asiri. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙara shigowa. Labule mai kauri da katifa a jingine sun fi shi rage amsa-kuwwa. Da hunturu kuma ku riƙa buɗe kwamfutar kuna hure ƙura, domin fankar da ta toshe ita ce ke ihu.

Sai maganar wuta, wadda ita kaɗai za ta iya cinye wannan shafi. Ɗaukewar wuta a tsakiyar waƙa tana iya lalata fayil, don haka UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, ba abin ado ba ne. Janareta yana da ƙara, wutarsa kuma ba ta da tsabta. Idan da hali ku yi ɗauka da inbata mai fitar da wuta sumul, wadda ake rubuta pure sine wave a jikinta. Idan kuka ji wani gunji mara yankewa a lasifika, yawanci wutar gida ce mai 50 Hz ta kutso, kuma maganinta shi ne a jona duk kayan a soket guda, mai gyaran wuta kuma ya tabbatar wayar ƙasa ta gidan tana aiki.

In kun karkata ga kwamfuta ta hannu, wato wadda wani ya yi amfani da ita, ku tuna Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama. A ɓangaren manhaja, FL Studio ya fi shahara wajen haɗa kiɗa, amma ga ɗaukar mutum biyar lokaci guda na fi son Reaper, wanda lasisinsa na ƙananan masu aiki dala 60 ne, kuma ana iya gwada shi kyauta har kwana 60 kafin a biya.