Ina za mu je hutun kwana biyu mu ga gonar inabi?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fita daga Sakkwato da iyali, ku huta kwana biyu inda ake noman inabi. Ni dai Kudan zan nuna maka, kusa da Zariya a jihar Kaduna. Can manoma ke ɗora inabi bisa rumfuna, ka shiga ƙarƙashi ka ga nonnansa na reto. Yara za su ji daɗin wannan ƙwarai.

Ku kama hanyar Gusau da Funtuwa tun da sassafe, don Allah kada dare ya same ku a kanta. Masauki kuwa Zariya ya fi, ku leƙa fadar Sarkin Zazzau. Amma fa ka tambayi mai gona tukuna ko inabin ya nuna, don ba kullum ake samunsa ba.