Wace kyamara zan fara da ita?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara ɗaukar hoto, amma kuɗinka bai kai na babbar kyamara ba. Ni da waya na fara, sai bayan shekara 2 na sayi tsohuwar Nikon. Abin da ya gyara hotunana shi ne gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba (lens), irin wanda ake kira 50mm f/1.8: yana jan haske sosai, ya fito da fuska, bayanta ya dushe. Fuskokin tsofaffi na fi so, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi laushi.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan kyamara ka manta gilashi. In ƙura ta shiga cikin kyamarar kuwa, kai wa mai gyara. Na taɓa gogewa da kaina, na karce tawa.