Tambaya da Amsa: Yaya ake gane ma'adini kafin a kai shi ɗakin gwaji?

Tambaya: Na tsinci wani dutse mai launin ruwan ɗorawa, yana ƙyalli sosai, wasu sun ce mini zinariya ce, wasu kuma sun ce ba ita ba ce. Shin akwai hanyar da mutum zai bi ya gane ma'adinin da ke hannunsa da kansa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, hanya tana nan, amma sharaɗinta shi ne ka daina dogara da launi, domin a cikin siffofin ma'adini babu mai ruɗar mutum kamarsa. Jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu ma'adini ɗaya ne da ake kira korandam, ɗan gaurayen wasu sinadarai ne kawai ya bambanta launinsu. Haka kuma fayirait, wanda baƙin ƙarfe da farar wuta suka haɗu suka samar, yana kama da zinariya ƙwarai a ido. Ruɗin ido ya sha jawo asara: a shekarar 1578 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Martin Frobisher, ya yi dakon fiye da tan 1,000 na duwatsu daga arewacin Kanada bisa zaton akwai zinariya a cikinsu, daga baya aka gano ba su da wata daraja.

Gwajin da ya kamata ka fara da shi shi ne na zane. Ka sami gutsuren tangaran, ka goga dutsen a gefen da ba shi da santsi, sannan ka dubi launin garin da ya bari. Zinariya tana barin zane mai launinta, fayirait kuwa baƙin zane yake bari mai ɗan sirkin kore. Wannan gwaji ya fi kallon dutsen inganci, saboda launin garin ma'adini ba ya cika sauyawa ko da fuskarsa ta dafe ko ta yi tsatsa.

Bayan haka sai tauri. A shekarar 1812 wani masani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai 10 daga mafi laushi zuwa mafi tauri, inda talk, dutse mai laushi da ake yin hoda da shi, yake mataki na 1, daimon kuma na 10, kuma kowane na sama yana iya karce na ƙasa da shi. Farcen ɗan Adam yana wajen 2.5, gilashi da wuƙar ƙarfe suna wajen 5.5. Zinariya tana tsakanin 2.5 da 3, saboda haka bakin wuƙa zai shige ta cikin sauƙi, yayin da fayirait, wanda yake tsakanin 6 da 6.5, zai gagari wuƙar har ma ya karce gilashi. Sai dai bayan ka karce, ka shafe wurin da yatsa ka sake dubawa, domin sau da yawa abin da ake zaton karcewa ce, garin abin da aka goga ne kawai ya manne. Idan kuma ka ɓalli ɗan ƙarami ka buga da guduma, zinariya za ta baje ta yi faɗi, fayirait kuwa farfashewa zai yi.

A ganina, gwajin nauyi ne ya fi raba gardama. Ka ɗaure dutsen da zare ka auna shi a sikeli, ka sake auna shi yana rataye cikin ruwa ba tare da ya taɓa gindin mazubin ba, sannan ka raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Tsantsar zinariya tana ba da 19.3, wadda ake tsinta kuwa takan gaza haka kaɗan saboda azurfar da ke gauraye da ita, alhali fayirait bai wuce wajen 5 ba. Wannan lissafi yana aiki ne idan gutsuren duk ma'adini ɗaya ne. Idan ɗigo-ɗigo ne a jikin wani dutse, sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Idan zane da tauri da nauyi duk sun nuna zinariya, to ka kai shi ɗakin gwajin ma'adinai domin a auna tsabtarsa kafin ka yi maganar ciniki da kowa.