Na Cika Shekara 27, Katin Zaɓena Yana Cikin Kwandon Shara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa, da fatan kina lafiya da iyali. Ranar Talatar da ta wuce na cika shekara 27, abokai sai turo min hotuna suke ana ta "bazday" a sitatus, ni kuwa wallahi ko murmushi ban iya yi ba. Da daddare na ɗauko wani tsohon littafina na sakandare, a bayansa akwai abin da na rubuta a 2018 lokacin ina ɗan 20: in gama digiri ina 24, in samu aiki, in yi aure ina 26, in biya wa Umma Makka kafin in kai 30. Anti ko ɗaya ban yi a kan lokaci ba. Digirin sai bara na karɓa saboda yajin aiki, na gama bautar ƙasa, yanzu ina zaune a wata 'yar rumfar POS da cajin waya a bakin titi, wata rana ribar ma kuɗin man janareta ke cinye ta.

Abin da ya fi ci min rai siyasa ce. A 2023 ni ejan ne na wani ɗan takarar majalisa, na liƙa fosta har hannuna ya yi kanta, ranar zaɓe muna akwati har ƙarfe ɗayan dare da fitilar waya muke haska takardu ana ƙirga, ko abinci ban ci ba sai fiya wata da biskit. Ya ci zaɓe. Sati uku a tsakani lambarsa ta daina shiga. Daren bazday ɗin nan na jefa katin zaɓena a kwandon shara. Akwai yarinyar da muke tare shekara uku, ita ma na fara ja baya don kunya. Anti ni na gaza ne ko ƙasar ce ta gaza ni? Kuma laifi ne in na ce ni da zaɓe har abada?

Ƙaninki daga Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah Ya ƙaro shekaru masu albarka. Kafin komai tashi ka je ka ciro katin nan tun Umma ba ta sa an zubar da sharar ba, ka goge shi ka sa a aljihun bayan littafin naka, in ya so sai mu yi maganar.

Bari mu fara da littafin, don ni a can na ga ciwon yake, siyasar fami kawai ta yi. Yaron da ya rubuta wannan lissafi a 2018 da farashin 2018 ya rubuta. A shekarar kujerar Makka kusan miliyan ɗaya da rabi ce, a 2025 ta haura miliyan 8. Lokacin da kake liƙa fosta litar mai ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, kafin mako ya zagayo ta wuce 500. Makaranta kuma malaman jami'a sun yi wata 9 suna yajin aiki a 2020, ga korona a kai, suka ƙara wata 8 a 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba, kai ka lissafa, wata 17 kenan da ba kai ka ɓatar ba. To ka ɗauko ma'aunin wancan lokaci kana auna kanka da shi yau kana cewa ka gaza, haba ƙanina, ai ko alƙalin da ya fi kowa tsauri ba zai yanke maka wannan hukunci ba.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Akwai abu guda a wasiƙarka da ban ji daɗinsa ba, kuma ba katin ba ne. Ka ce "wata 'yar rumfa". Rumfar da ke ciyar da kai kake ce wa 'yar rumfa? Ka san nawa take kawowa a wata? Na rantse da na tambaye ka yanzu sai ka ce "ya danganta". Ka sayi littafi na naira ɗari biyar ko nawa yake yanzu, kullum ka rubuta abin da ya shigo da abin da janareta ya sha, wata uku kacal. Daga nan za ka san ko ƙaramar sola za ta fi maka, ko cajin ne ke ɗauke da POS ɗin ko POS ɗin ne ke ɗauke da cajin. Maganar Umma kuma hukumar alhazai ta ƙasa tana da tsarin adashin gata da ake zuba kuɗin Makka kaɗan-kaɗan, ka je ofishin alhazai na jiha ka tambaya. Ko ba ta tafi kana 30 ba, ranar da ka nuna mata takardar cewa ka fara zubi za ka ga fuskarta.

Yanzu ɗan majalisarka. Abin da ya yi maka rashin mutunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah, da ka kwana a akwatin nan me kake jira, unguwa ta samu ruwa ko kai ka samu takardar aiki? Ba zargi nake ba, kowa da buƙatarsa, amma yawancin samarinmu da ke cewa sun tsani siyasa in ka tona sai ka tarar mutum ɗaya suka bi, shi ya yar da su, sai suka haɗa da zaɓen gaba ɗaya suka yi fushi. Kuma fushin nan ba ya taɓa kowa a sama. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajistar zaɓe, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, an fasa rantsar da wani? Mai rabon taliya da atamfa ma murna yake in irinku masu tambaya kuka zauna a gida, kasonsa ya yi arha.

Malam Aminu Kano yana ɗan shekara 30 ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi jam'iyyar NEPU a 1950, aka ɗaure magoya bayansa aka yi musu bulala, ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979 bai samu ba, har ya rasu a 1983 bai hau wannan kujera ba. Ban kawo shi don in ce ka zama shi ba, zamani ya canza, kuma ni kaina akwai zaɓen da na tsaya a layi ina jin haushin kaina. Na kawo shi ne don ka ga shekararka ba ta kai ta yanke ƙauna ba tukuna. Tun 2018 dokar ƙasa ta sauke shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, wato mutumin da ka yi wa ejan ɗin nan a takarda ba abin da ya fi ka, kuɗin fam da na daliget ne suka raba ku, wannan kuma gaskiya ce mai ɗaci.

To laifi ne ka ƙi zaɓe? Doka ba ta tilasta ka ba. Ni dai shawarata ka daina yi wa kowa ejan kyauta, ka daina zagin mutane a Facebook saboda wanda bai san sunan mahaifinka ba, ka sauko da idonka ƙasa-ƙasa. Ka san sunan kansilan mazaɓarku? Ka san inda ciyaman yake zama? Ku haɗu ku biyar a rumfarka ku rubuta takarda a kan kwalbati ɗaya ko taransifoma ɗaya, ku kai, ku koma, ku sake komawa har su gaji da ganinku.

Yarinyar kuma ban ji ka ce ita ta yi ƙorafi ba, kai ne kake yanke mata hukunci a zuciyarka. Ka je ka faɗa mata abin da rumfar ke kawowa ba ƙari ba ragi, ka bar ta ta yi magana da bakinta. In ta ce ta ji ta gani, ka turo min katin ɗaurin aure, ina da sabon leshi da ban taɓa sawa ba.