Hada irin waken suya mai jure gishiri, canza halittar Allah ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni dalibi ne ina digiri na biyu a kasar Sin a fannin inganta iri, aikina a kan waken suya ne mai jure kasa mai gishiri. Muna daukar garin furen wani iri mu barbari wani da shi, sai mu gwada DNA din tsirran, wato sinadarin da ke dauke da gadonsu, mu zabi wadanda suka gaji kwayar gadon da ake ce wa GmSALT3. Wani dan uwa ya ce min wannan canza halittar Allah ne, har kudin tallafin da nake karba ma wai haram ne, tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dana, kwantar da hankalinka, aikinka halal ne kudinka ma halal ne, kuma in ka gyara niyya har lada kake samu.

Abin da na tsaya a kansa a maganarka shi ne inda ka ce fure da fure kuke hadawa. Kenan wake ne da wake, ba a debo komai daga alade ko wata dabba ba, gwajin DNA din kuwa dubawa ne kawai don a gane wane tsiro ya yi gado. Masana fannin sun bayyana cewa wannan kwayar gado tana kan kuromosom na 3 cikin 20 da waken ke da su (kuromosom shi ne zaren DNA da kwayoyin gado ke jere a kansa), a saiwa ta fi aiki, tana rage gishirin da ke hawa ganye ya kona shi, kuma ana samunta lafiyayya har a waken daji da ba wanda ya shuka, a wasu irin da ba sa jurewa ne wani guntun DNA ya kutsa cikinta ya lalata ta. A 2014 aka wallafa gano ta, amma tun 1969 an nuna cewa wannan juriya gadonta ake yi. To ka ga abin da Allah ya riga ya ajiye a cikin waken kake mayar wa irin da ya rasa shi.

Shi dan uwan naka ayar Suratun Nisa'i ta 119 yake nufi, inda Shaidan ya ce zai umarce su su canza halittar Allah. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa halittar Allah a nan addinin Allah ne, kuma aya ta 30 a Suratur Rum tana karfafa haka. Wasu magabata sun fassara ta da dandakar dabbobi, amma duk da haka an ruwaito Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu dandakakku, wanda ya nuna ba kowane taba halitta ne ayar ta hana ba, sai wanda ya zama barna ko shirka ko yaudara. In muka saki ayar yadda shi ya sake ta, auren mangwaro ya haramta, zaben zangarniya mai kyau a ajiye don iri ma ya haramta, kuma ba malamin da ya taba fadin haka. Hadisin barbarar dabino na cikin Muslim ma ya ishe mu, da aka bar barbarar dabinon bai yi kyau ba, sai Annabi (SAW) ya ce ku kuka fi sanin al'amarin duniyarku. Kai ko dashen kwayar gado a dakin gwaji, wanda ya fi naka nisa, majalisar fikihu ta Rabita, wato kungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 1998 ta halatta shi a noma da kiwo da sharadin a kiyaye cutarwa. Ka yi masa bayani a hankali, kishin addini ne ya sa shi, sai dai haramta abu ba da ilimi ba shi ma laifi ne babba.

Inda nake ji maka tsoro daban ne. Kar matsin kammala karatu ya sa ka gyara alkaluma, tsiron da ya mutu ka rubuta ya mutu. Kuma jurewa a tukunya cikin dakin gwaji ba ita ce jurewa a gona ba, juriyar lokacin tsirowa ma masana sun ce wani sha'ani ne daban, don haka in ka dawo gida kar ka ce wa manomin rani da kanwa ta fara cin gonarsa irinka ya gama masa matsala alhali ba ka gwada a kasarsa ba, wannan algus ne, kuma shi talakan zai ci bashin taki a kan maganarka. Ka gaya masa gaskiya cewa sai ya gyara magudanar ruwa ma.

Irin da ke dakin gwajinku kuma amana ne, kar ka zuba a aljihu ka taho da shi da sunan taimakon mutanenmu, ka nemi izini a rubuce ta hanyar da jami'ar ta tsara. Sannan aikin barbara na cin lokaci, kar ka bari ya rika cinye maka sallah. Wallahu a'alam.