Zanen Bierstadt a gwanjo: in zuba jari ko in kama kaina?

Tambaya: Ina sayo motoci daga gwanjon Amurka. Dillalina na can ya ce an fito da wani ƙaramin zane na Albert Bierstadt, wai in saya in ajiye, kuɗinsa ba ya faɗuwa. Me ka gani?

Alhaji, dillalinka bai faɗa maka tarihin mutumin ba. An haifi Bierstadt a Solingen ta Jamus a 1830, iyayensa suka kai shi Amurka tun yana goye. A 1859 ya bi tawagar masu safiyo ta Frederick Lander zuwa yammacin ƙasar, ya dawo yana zana manyan duwatsu da tafkuna a alluna masu faɗin bango. A 1865 aka sayi zanensa na duwatsun Rocky dala 25,000, kuɗin da ya girgiza mutane a lokacin.

Sai yayi ya juya. Gidansa ya ƙone a 1882, a 1889 kwamiti ya ƙi tura zanensa baje kolin Paris, a 1895 ya karye. Ya rasu a 1902 an kusa mantawa da shi, kuma sai wajen shekarun 1960 kasuwarsa ta farfaɗo. Wanda ya saya da tsada ya mutu bai ga riba ba, sai dai jikoki.

Gaskiya ne a 2008 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da wani zanensa sama da dala miliyan bakwai. Amma wannan babban aiki ne. Mutumin ya bar zane sama da 500, har da malam-buɗe-littafi da yake yi wa baƙi kyauta: ya ɗiga fenti a takarda, ya ninke, ya buɗe. Sunan ɗaya ne, farashi kuwa sama da ƙasa.

Yi lissafi irin na mota. Bayan an buga guduma, gidan gwanjo zai ɗora maka la'ada wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga inshora da ajiya, ranar sayarwa ma a sake yankar wani abu. Mota tana juyawa cikin watanni, zane yana iya kwanciya shekaru ba mai taya.

Uwar kuɗinka dai kada ta shiga. In rarar da ba ka buƙata ce, ka nemi takardun da ke nuna hannun da zanen ya bi tun daga wanda ya zana shi, da rahoton lafiyarsa, domin jabu na yawo. Ka kuma tambayi dillalin nawa ne rabonsa a cinikin.