Tambaya da Amsa: Shafin sabuwar makarantar zane, don wa za a gina shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata jami'a mai zaman kanta a nan Damagaram. Bana ake buɗe mana sabon sashe na koyar da zane da tsara fasali: zanen littafi da talla, ɗinki, aikin fata, har da fasalin cikin gida. Da yake na ɗan iya kwamfuta, sai aka ɗora mini aikin shafin intanet na sashen. Shugabanmu ya nuna mini shafukan wasu makarantun Faransa, ya ce irinsu yake so, da an buɗe bidiyo ya tashi, rubutu yana ta yawo. Ni kuwa na rasa abin da zan sa, tunda ko ɗalibi ɗaya ba mu ɗauka ba tukuna. Sannan da wane harshe za mu rubuta?
Daga wata mai karatu, Garin Malam

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a buɗe a sa'a.

Kafin ki taɓa kwamfuta, ki tuna wanda zai buɗe shafin nan. Yarinya ce a Magarya ko Matamaye ko Tanut da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta ari salular yayanta, ta sayi mega na ƴan kuɗi kaɗan, layin kuma yana zuwa yana ɗaukewa. A bayanta mahaifinta na zaune, shi ne mai biya, kuma tambayarsa ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma in ta gama wane aiki za ta yi? Duk abin da ya hana waɗannan mutane biyu samun amsa cikin minti ɗaya, ki cire shi, ko da ya ƙayatar da shugaba.

Bidiyon da ke tashi da kansa shi ne na farkon fita. Yakan cinye mega gommai, yarinyar ba ta ma ga sunan makarantar ba kuɗinta sun ƙare. Ni nakan ce shafin farko kada ya wuce mega 1 gaba ɗayansa. Hoton da salula ta ɗauka yakan kai mega 3 zuwa 5, amma in kika rage faɗinsa kika mai da shi WebP, wato tsarin hoto marar nauyi, zai sauko ƙasa da kilobayit 200 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba. Kada ki yi gardama da shugabanku a ofis, inda akwai intanet mai ƙarfi da babban allo. Ki samo salula mai araha, ki kashe wifi, ki roƙe shi ku fita tsakar makaranta da azahar, ki miƙa masa ya buɗe shafin Faransan da kansa. Zai ga jira, zai kuma ga yadda siririn rubutu mai ruwan toka yake ɓacewa a ranar Damagaram. Ƙa'idar WCAG, wadda masu gina shafuka ke bi a duniya, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. A wurinmu ki wuce haka ma: baƙi sosai a kan fari, harafi kada ya gaza fiksel 16.

Yanzu ga tambayarki mai nauyi, me za a nuna alhali ba ɗalibi. Abin da aka saba yi shi ne a sa hoton ƙofar makaranta, da hoton shugaba a bayan tebur, da jawabinsa mai tsawo, sai a ciko sauran da hotunan Turawa suna murmushi gaban kwamfuta. Makarantar lissafi za ta iya tsira da haka. Ku ba za ku tsira ba, domin mai neman koyon zane da shafin zai auna ku, in ya ga aro ya san aro za a koya masa.

Ki fara da aikin hannun malamanku. Kowane malami ya kawo abu biyu ko uku da ya yi da kansa, bangon littafi ne, riga ce, kujera ce, a ɗauke su da hasken safe a jikin bango marar ado, a rubuta abin da aka yi su da shi da shekarar. Malamin da ya ce ba shi da abin nunawa, to wannan magana ce da ya kamata shugaba ya ji tun kafin a fara karatu a watan Oktoba.

Sannan ki fita gari. Kuna zaune a birnin da ya riƙe hedikwatar ƙasa har 1926 kafin a mai da ita Yamai, kuma tun kafin zuwan Nasara yake da masu fasali. Ki zaga Birni, tsohuwar unguwar garin, ki dubi fuskokin gidaje, yadda magina suka tayar da zane a jikin laka kewaye da ƙofar zaure, da zankwaye a saman soro. Ki dubi fada. Ki shiga wurin majema da dukawa, ki je Mirriya wurin masu ginin tukwane, ki tsaya a Kasuwar Dole ranar Alhamis ki ga launukan da mutanenmu suke zaɓa in kuɗinsu ne za su fitar. Shugabanku yana son na Turai, to ki gaya masa Bauhaus, makarantar da aka buɗe a Weimar ta Jamus a 1919 wadda makarantun zane da yawa suka ɗauki tsarinta, a farkonta kowane ɗakin aiki malamai biyu ke riƙe da shi, mai ilimin fasali da gwanin sana'ar hannu. In za ku gayyato baduku ko magini ya koyar, ko da rana ɗaya a mako, wannan labarin ya cancanci shafin farko fiye da kowane bidiyo.

Amma a kula da abu biyu. Kada ki ɗauki hoton aikin mutum ko ƙofar gidansa sai da izininsa, ki rubuta sunansa in ya yarda, ki kuma ba shi hakkinsa. Na biyu, kada ki manna dagi a kowace kusurwa. Na gaji da ganinsa a kan kalanda da ledar biredi da allon kowace ƙungiya. Ki ɗauko launi biyu kawai, misali jan fatar dukawa da ruwan ƙasar bangon Birni, ki bar sauran fili fari ya huta.

Batun harshe, biyu za ki yi. Takardun shiga da tsarin digirin lisans na shekara 3 da Faransanci ɗalibai suka san su, a bar su haka. Amma shafin iyaye, wato kuɗin makaranta, ranar rufe karɓar takardu, wurin kwanan ƴan mata, da ayyukan da ake samu bayan an gama, a rubuta shi da Hausa, kuma mutum ya rubuta, kada a ba na'ura ta juya. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ga kuma maƙwabta daga Daura da Katsina da Kano da za su iya leƙowa. Ki ƙara saƙon murya na minti ɗaya don uban da ba ya karanta boko, wanda ba zai tashi ba sai an danna. A nan ne kuma masu zane da yawa ke faɗuwa: sai su zaɓi kyakkyawan salon harafi wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, sai waya ta aro su daga wani salon, kalma ta fito da harafi ɗaya ya karkace, ko ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Kafin ki amince da kowane salo, ki buga ƙanana da manyansu, Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, da kauri da siriri, ki duba a waya. Noto Sans da Andika da Charis duk suna da su, kuma kyauta ne.

Kayan gini ba abin damuwa ba ne, manhajar gina shafi ta WordPress da samfurin shafi marar nauyi sun ishe ki. Lambar WhatsApp ta kasance a sama, kuma a san wanda zai riƙa amsa ta, domin ta nan yawancin tambayoyi za su zo.

Abin da za ki nace a kansa a rubuce shi ne mallaka. Adireshin shafin, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ne ko waninsa, a yi rajistarsa da sunan jami'a, ba da sunanki ko na wani yaro mai gyaran kwamfuta ba. Mutum biyu su riƙe kalmar sirri, a sa kuɗin sabunta shi cikin kasafin kowace shekara, a rubuta ranar biya a inda akawu zai gani. Ki kuma nemi a ba ki awa biyu a mako cikin jadawalinki don kula da shafin, in ba haka ba sanarwar bana za ta kwana a kai har baɗi. Da zangon farko ya ƙare, ki sauke rabin aikin malamai ki hau da na ɗalibai, da sunan kowa da ajinsa, bayan kin nemi yardarsu.